Sama-ko-ƙasa da Atishawar Ubansa

Duk wanda ya taɓa aiki a dogon benen ofisoshin nan na bakin babban titi ya san Sama-ko-ƙasa. Shi ne mai tuƙa lifta, kuma sunan ya samo shi ne daga tambayar da yake yi wa kowa da zarar ƙofa ta buɗe. Ko a hawa na ƙarshe ka shiga, inda babu abin da ya rage a samanka sai tankin ruwa da tantabaru, sai ya dube ka da natsuwa ya ce, "Sama ko ƙasa?" Tun ana tsokanarsa da sunan har ya bi shi gida. Matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa, ta ja ƙarshen.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da wani hanci da ya fi ƙarfin fuskarsa. Akwai 'yar kujera a kusurwar liftar da bai taɓa zama a kanta ba, don a nan yake ajiye faya-fayai. In ka tambayi mutanen benen za su rantse maka babu mai son tsohon kiɗan rawa kamarsa, irin na manyan ƙungiyoyin nan na zamanin garmaho, da ake jera maza cikin baƙaƙen kwat, wasu na busa ƙahonin tagulla, wasu na dukan ganguna, wani a gaba yana kaɗa sanda kamar mai korar ƙuda. Za su ce maka faifan da ya ratsa ta hannunsa ya isa a yi wa gida rufi. Wannan gaskiya ne. Amma zancen so ƙarya ce tsagwaronta, kuma abin ya daɗe yana ba ni haushi a madadinsa. Bawan Allah nan bai tsani komai a duniya ba kamar kiɗa. Atishawa yake nema.

Ga yadda abin yake. Mahaifinsa makaɗi ne a ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, in har za a kira abin da yake yi kiɗa. Aikinsa ya tsaya can baya riƙe da farantan tagulla guda biyu, ya yi ta jira har waƙa ta zo ƙarshe, sannan ya gwara su sau ɗaya, kwaram, shi ke nan ya tashi aiki. Wata rana aka kai su ɗaukar faifai. A lokacin kai tsaye ake yanka sauti a kan faifan kaki, irin kakin zuma, abin da ya shiga ya shiga. Komai ya tafi daidai har wajen ƙarshe, inda mai busa baƙar sarewa ya ja wani siririn sauti ya yi ta hawa da shi, ya kai shi can ƙololuwa ya riƙe. Sauran makaɗa suka ɗauke wuta. Mai sanda ya nuna mai faranti. Mai faranti ya ware hannuwa, ya buɗe baki, ya saki wata atishawa da ta kaɗe takardun kiɗa daga gaban na kusa da shi.

Kamfanin ya ce ba a tsintar kaki a titi, aka buga faifan a haka da atishawar a ciki. Shi kuwa mai sanda ya sallami mai faranti tun bai gama share hanci ba. Ya koma gadin wani sito, bai daɗe ba zazzaɓi ya tafi da shi, ɗansa ko tafiya bai fara ba. Bai bar hoto ba. Farantan ma ba nasa ba ne.

Matarsa, wato Inna mahaifiyar Sama-ko-ƙasa, ta zauna ta yi nazarin abin da ya same ta, ta gano mai laifi. Ba mai sanda ba ne, ba zazzaɓi ba ne, atishawa ce. Saboda haka ta tayar da ɗanta a kan doka ɗaya. Da ta ga hancinsa ya fara motsi sai ta daka masa tsawa, "Danne ta! Ita ta cinye ubanka!" Yaro ya tashi yana matse hanci da yatsu biyu, idanu su yi ja, kunnuwa su yi rawa, wani ɗan sauti ya fita kamar an taka ɓera, shi ke nan. Ta kuma ja masa kunne kada ya kuskura ya ba wani labarin, don ba ta son a riƙa nuna su a layi ana cewa ga iyalin mai atishawa. Wannan horon ne ma ya sama masa aiki. Manajan benen ya ce mutumin da zai wuni a cikin akwati da jama'a bai fesa wa kowa ba, ai ba a barinsa ya wuce.

To, Innar nan dai, bayan ta tsufa, ɗanta ya yi aure har ya tara iyali, ita ce wata rana da yamma tana ninke wanki ta tsaya da riga a hannu ta ce, "Ka san na manta fuskar ubanka?"

"Haba Inna."

"Wallahi. In na rufe ido hula kawai nake gani. Muryar ma ta tafi. Amma atishawar, ko a tsakiyar kasuwa na ji ta zan gane. Tun daga bakin layi yake sakinta, ni kuma in tashi in ɗora ruwan shayi. Kafin ya iso ƙofa ya tafasa." Ta ninke rigar, ta warware, ta sake ninkewa. "Da zan ji ta sau ɗaya kafin in bi shi."

Tausayinta ya kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tambaye ta sunan ƙungiyar. Ta ce wasu maza ne masu kwat. Sunan waƙar fa? Ta ce mai taram-taram ɗin nan. Takardar da ke manne a tsakiyar faifan, wane launi ce? Ta ce ja, ko shuɗiya, amma dai ta tabbata akwai rami a tsakiya. Zancen sarewar kuwa ba ta san shi ba balle ta faɗa masa, don ba ta wurin aka yi. Da wannan bayanin ya shiga nema.

Ya sayi garmaho a wajen wani mai gwanjo, irin mai ƙaton ƙaho da hannun wanawa. Matarsa, wadda tela ce, ta tare ƙofa ta ce ba dai a gidan nan ba, ƙurar kwalayen za ta ɓata mata yadin mutane. Sai ya hau da shi ɗakin injin lifta, can saman bene, kusa da tantabaru. A nan yake cin abincin ranarsa. Ya wana garmaho, ya ɗora allura, ya cusa kunne cikin ƙahon, fuska a murtuke. Kiɗan shi ne babban abokin gabarsa, don shi ke tare masa abin da yake son ji. In ƙahoni suka kaure sai ka ji ya ce, "Ku ɗan yi shiru mana, don Allah, mutum ya ji!"

Ya ji abubuwa, ba a ce bai ji ba. Ya ji tari iri-iri, busasshe da mai majina. Ya ji kujera ta yi ƙara, ya ji cokali ya faɗi, ya ji wani yana raɗa wa na kusa da shi cewa takalminsa ya matse shi. A wani faifan har kare ya yi haushi daga nesa. Bai riƙe sunan waƙa ko ɗaya ba. A wurinsa akwai Mai Cokali, akwai Mai Kare, akwai Mai Takalmi. Atishawa ce dai babu.

Faifan da ya saurara ciki da baya bai sami komai ba ya gama amfani a wurinsa. Ba shi da wurin ajiya, kuma shi mutum ne da ba ya iya zubar da abu. Sai ya fara saukowa da su lifta yana miƙa wa duk wanda ya shigo. "Sama ko ƙasa? Ungo." Wa zai ƙi karɓar kyauta daga hannun mutumin da ke riƙe da shi a rataye cikin akwati? Kowa ya karɓa ya yi godiya. Mai buga takardu ta ɗora tukunyar furanni a kan nata. Likitan haƙori na hawa na uku ya jera nasa a bango. Wani lauya ya daɗe yana fifita da nasa. Daga baya kunya ta kama wasu, suka je wajen mai gwanjo suka sayi garmaho, don kada a tambaye su yaya suka ji faifan su rasa ta cewa. Da suka saurara kuwa sai abin ya yi musu daɗi.

Nan fa aka sami matsala. Kafin a ankara an kafa ƙungiyar masu son tsohon kiɗan rawa a benen. Duk ƙarshen mako bayan tashi daga aiki sai a ture tebura a zauren ƙasa, a ga akantoci masu tumbi suna juyi da ma'aikatan inshora, ana take wa juna ƙafa ana ba da haƙuri. Aure biyu aka ƙulla a zauren nan, ɗaya har yanzu yana nan. Aka naɗa Sama-ko-ƙasa shugaba na har abada ba tare da an nemi jin ta bakinsa ba. Yakan zauna a kusurwa, ido a rufe, da auduga a kunnuwa, su kuma suna nuna shi suna cewa, "Dubi yadda kiɗa ke ratsa shi." In aka matsa masa ya faɗi ra'ayinsa a kan wani faifai sai ya ce, "Akwai kujera mai ƙara a bayansa." Sai a gyaɗa kai, a tafi ana maimaitawa. Lauyan nan ya taɓa faɗa wa wani baƙo cewa duk wanda ba ya jin kujera bai san kiɗa ba.

A cikin faya-fayan nan akwai ɗaya da ya zame masa ƙarfen ƙafa. Tun farkon nemansa ya same shi a ƙasan wani kwali, kyankyasai sun cinye takardar tsakiyar. Ranar da ya fara sa shi, yana zaune kunne a ƙaho, wajen ƙarshe wata sarewa ta ja siririn sauti ta yi sama. Ya ji wani abu ya taso masa daga bayan ido. Ya kai yatsu hanci, ina, kafin su isa ta riga ta fita. Tantabarun rufin suka tashi gaba ɗaya. Shi kansa ya tsorata, don tun da yake bai taɓa jin abin da hancinsa zai iya ba. Ya waiga cikin kunya ya ga ko wani ya gani.

Ya ce ƙura ce. Ya wanke faifan da sabulu, ya shanya shi a inuwa, ya canza masa kwali, ya mayar da allura baya. Sarewa ta hau, ya sake saki. Ya ɗaure hanci da hankici, hankicin ya tashi sama. Ya gwada da safe, ya gwada bayan an yi ruwa ƙura ta kwanta. Kullum a daidai wurin, ba gaba ba baya. Ya sa wa faifan suna Mai Mura, ya ƙullace shi, ya miƙa wa likitan haƙori don ya rabu da shi.

Ba a jima ba likitan ya shigo lifta da faifan a hammata. "Shugaba, faifan nan fa, wajen ƙarshe, akwai wata atishawa..."

Sama-ko-ƙasa ya ɗauka tasa atishawar ake nufi. Ashe har hawa na uku ake jiyo shi daga rufi.

"Na sani, likita, na sani," ya ce da sauri. "Ƙura ce. Ka rufa min asiri."

Likita ya dubi faifan, ya dube shi, ya ce to. Haka aka yi da mai buga takardu, haka aka yi da lauya. Duk wanda ya ba sai ya dawo da shi ya fara zancen atishawa, shi kuma ya tari numfashinsa yana roƙon a rufa masa asiri. Har magana ta zaga benen cewa shugaba yana da wani faifai da ba ya son a yi zancensa, mutane kuma suka kama bakinsu don girmamawa. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman abu, rabin bene sun ji abin da kunnensu, sun kawo masa har hannu, yana ba su haƙuri. In na tuna wannan sai in ji kamar in kama kafaɗunsa in girgiza. A ƙarshe ya cusa Mai Mura a ƙarƙashin akwatin kayan gyara ya ci gaba da nema.

Aka yi ta tafiya a haka. Furfura ta cika masa kai, autarsa ta girma ta kama aikin haɗa sauti a wani gidan rediyo. Inna kuwa kunnuwanta suka fara rufewa. Da farko ta daina jin ƙwanƙwasa ƙofa. Daga baya ta daina jin keken ɗinkin surukarta, ta ce wannan kam rahama ce. Likitan kunne ya leƙa nan, ya leƙa can, ya ce ɗaya ya kusa tafiya, ɗayan kuma yana haɗa kaya.

Tsoro ya kama Sama-ko-ƙasa, tsoro na gaske. In kunnen ya rufe, ko ya samo faifan ya samo wa wa? Ya daina taɓa abincin ranarsa, yana sa faifai kan faifai har allura ta yi zafi. A bakin aiki a ce masa sama ya yi ƙasa. Wani ma'aikacin inshora ya yi atishawa a lifta, ya tsayar da ita cak ya tsura masa ido, har mutumin ya ba da haƙuri ya fita a hawan da ba nasa ba.

Auta ta san abin da yake nema, don Inna da kanta ta ba ta labarin wata rana tana tsefe mata kai. Ta same shi ta ce, "Baba, ba za ka iya sauraron duk faya-fayan duniya da kunne biyu ba. Bari in kwashe na ƙungiyarku in zuba a intanet kyauta. Masu irin wannan tarin suna ko'ina. In ka ba su naka za su ba ka nasu."

"Ba za ki ce musu atishawa muke nema ba?"

"Zan ce musu son kiɗa ne ya dame mu."

"To ki yi ƙaryar da kyau."

Ta bi ofis-ofis ta tattaro faya-fayan. Ta zaro na ƙarƙashin tukunyar furanni, ta sauke na bango, ta karɓe mafificin lauya. Ta kafa na'urarta a kan teburin yanka na uwarta, mai juya faifai ta zamani da kebul ya haɗa da kwamfuta. Ta hau ɗakin inji ta kwaso ragowar, har ta jawo Mai Mura daga ƙarƙashin akwati. Uban ya sunkuyar da kai ya ce ta bar wannan, shi ne wanda yake sa shi abin kunya duk lokacin da sarewa ta hau. Ta ce ta ji, ta jefa shi cikin kwali.

Wata rana da hantsi, lifta cike da mutane, wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, kana ina?"

"Ina zan kasance? Ina da mutane a hannu, Auta."

"Faifan nan da ka ce yana sa ka atishawa. Ka yi ta yanzu?"

"Ban yi ba."

"To ni kaɗai ce a ɗakin nan. Mama ta fita sayen zare, Inna na barci. Na sa shi, sarewa ta hau, ya yi atishawar da kansa."

Sama-ko-ƙasa ya tsayar da lifta tsakanin hawa biyu. Likitan haƙori, wanda shi ma ya tsufa yanzu, yana cikin waɗanda aka tsayar, ya ce, "Shugaba, lafiya?"

"Likita, atishawar nan da ka taɓa yi min zancenta. A cikin faifan take?"

"A ina kuma za ta kasance?"

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Ai kai ka ce in rufa maka asiri."

Ranar bai sake tambayar kowa sama ko ƙasa ba. Ya sauke su duka ƙasa, har da masu zuwa sama, ya bar ƙofa a buɗe ya fita titi da rigar aikinsa.

A gida Auta ta sa masa faifan a lasifika. Sarewa ta hau, ya saki tasa, zarurrukan matarsa suka gangaro daga tebur. Ta mayar baya, ya sake saki. "Baba, kai ne kake rufe shi," ta ce. "Tare kuke yi." Sai ta shiga kwamfuta ta yanko atishawar ita kaɗai, ba sarewa ba ƙaho, ta danna. Wata 'yar ƙara ta tsohon faifai ta fito, sannan wani mutum ya ja iska ya sake ta.

"Wannan ai ni ne," ya ce. "Kin ɗauke ni ban sani ba."

"Baba, lokacin da aka ɗauki wannan ko haihuwarka ba a yi ba."

Ya zauna a kan tarin yadin mutane, matarsa da ta shigo da ledar zare ba ta ce masa ya tashi ba. Kewar mutumin da bai taɓa sani ba ta taso ta cika masa ƙirji. Ya kai hannu ya taɓa hancinsa, a hankali, ba don ya matse ba.

Aka tashi Inna, aka zaunar da ita a kujerarta ta tsakar ɗaki. Auta ta yi mata ihu a kunne cewa an samo. Tsohuwa ta gyara ɗankwali, ta gyara zama, ta haɗa hannuwa a cinya. Aka maƙala mata abin sauraro na kunne, aka danna. Ta jira. Aka sake dannawa.

"An fara?" ta ce.

Aka koma lasifika, aka ƙure ƙara har maƙwabci ya zo ya buga ƙofa. Inna ta karkata kai ta ce kamar dai ta ji sauro ya wuce. Sautin tsohon faifai siriri ne, kunnen kuma ya yi nisa. Auta ta dubi ubanta, ta kau da kai.

Uban ya miƙe. Ya koma benen, ya hau ɗakin inji, ya sauko da garmahonsa a ka, ya shiga tasi da shi. Yana ganin ƙahon da ya saba cusa kunnensa a ciki ya fi duk wata lasifika. Da ya iso, matar da ta taɓa tare masa ƙofa ita ta buɗe ta duka, ta riƙe masa labule.

Aka ajiye garmaho a kan tebur kusa da Inna. Ƙahon ya tsufa, wuyansa ya saki, sai an tallafe shi da hannu biyu kafin ya tsaya daidai kunnenta. Sama-ko-ƙasa ya jawo kujera ya zauna dab da ita ya tallafe. Matarsa ta ɗauko abin maƙale shanya ta danna masa a hanci, ta bi da ƙyalle ta ɗaure ta baya, ɗaurin tela.

"Me ya same shi?" Inna ta tambaya.

"Mura!" suka ce a tare.

Auta ta wana, ta ɗora allura. Ƙahoni suka kaure, ganguna suka biyo baya, taram-taram ɗin nan dai da aka ce. Shi fuskar uwarsa yake kallo. Idonta na kan bango, babu abin da ya motsa a fuskar. Ya gane ko kiɗan ma ba ta ji, balle abin da ke ƙarshensa. Zuciyarsa ta karaya. Ya samo, amma ya makara.

Sarewa ta fara hawa. Ya ji abin ya taso daga bayan ido. Ya cije leɓe, ya ɗauke numfashi, hannuwansa duka biyu na kan ƙaho ba halin saki. Sarewa ta kai ƙololuwa ta riƙe. Ƙyallen ya tsinke, maƙalin shanya ya tashi ya bugi agogon bango, atishawa ta fita gaba ɗayanta, dab da kunnen Inna, irin wadda ke tayar da tantabaru.

Faifai ya ƙare, allura na ta zagaye a banza. Dattijo mai furfura ya sunkuyar da kai, ya kai yatsu biyu hanci, yana jiran tsawar da ya saba ji tun yana yaro.

Idanun Inna a rufe suke.

"A ɗora ruwan shayi," ta ce.

Matarsa ta yi kicin da sauri tana share ido da bakin gyale. Auta ta tsaya da hannu a baki. Shi kuwa gaskiya ta hana shi sakat, ya matsa kusa da kunnenta ya ɗaga murya.

"Inna, ba fa faifan ba ne..."

"Auta, mayar da allurar baya," ta ce, ba ta buɗe ido ba. Ta laluba ta kamo hannun rigarsa ta ja. "Kai kuma zagayo ta nan, wannan kunnen ya fi ji. Ka sauke hannun nan daga hancinka."

Ya ɗauki kujerarsa ya zagayo.